Hannu ma yana bukatar ƙari

A ƙasar Daura, ilimin tausa da ɗori gado ne. Yaro yana riƙe ƙafar mai targaɗe, yana kallon mahaifinsa na shafa man kaɗanya, yana bin jijiya da babban yatsa har ya gano inda ta murɗe. Haka ungozoma ke koya wa 'yarta tausar mai jego bayan wankan ruwan zafi.

Abin da ke damuna shi ne, kowane gida da sirrinsa. Maɗorin Zango zai tsufa bai taɓa zama da na Mai'aduwa sun gwada abin da suka sani ba. Likitocin gashin ƙashi kuwa, irin waɗanda Jami'ar Bayero ke yayewa, sai sun halarci bita kafin a sabunta musu lasisi.

Da fada za ta riƙa tara masu sana'ar, ko da lokacin Sallar Gani ne, a gayyato likitoci daga Asibitin Ƙashi na Dala, da an rage ɗaurin da ke tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Su ma likitocin za su ƙaru da haƙurin maɗori wajen lallashin majinyaci.