Daga Oslo Zuwa Bergen Ta Hanyar Ruwa Da Duwatsu

Ana gobe zan bar Oslo, mai masaukina ya ce mini, "Malam, don Allah kada ka hau jirgin sama zuwa Bergen. Bi ta ƙasa, kuma ka nemi kujerar bakin taga." Na ɗauki shawararsa, har yau ina sa masa albarka.

A watan Yuni ne. Jirgin ƙasa ya tashi da safe, ya yi ta ratsa gonaki da dazuzzuka, sannan ya fara hawa. Sannu a hankali itatuwa suka gajarce, suka ƙare ƙaf. Da muka iso Finse, tashar da ta fi kowace tudu a wannan layi da aka buɗe a 1909, mita 1,222 sama da teku, sai ga dusar ƙanƙara shimfiɗe a kan duwatsu fari fat, alhali ƙasar Norway na tsakiyar lokacin zafinta.

A Myrdal na koma wani jirgin, wanda ke gangarawa ƙauyen Flåm. Tafiyar kilomita 20 ce kacal, amma tana cin kusan awa guda, domin gangaren ya haura mita 860. Ramuka 20 jirgin ke ratsawa a cikin dutse, 18 daga ciki da hannu aka haƙa su. Ana cikin tafiya sai ya tsaya a gaban magangarar ruwan Kjosfossen, aka ce kowa ya sauka ya gani. Rugugin ruwan ya hana ni jin maganar na kusa da ni. Feshinsa ya jiƙa mini fuska da hula, sanyi ƙarara. Ni da na tashi a unguwar da sai an jira mai kura da jarkoki kafin a ɗora tukunya, na tsaya ina kallon ruwa mai daɗi yana kwarara dare da rana ba mai tare shi. Tasbihi kawai na iya yi.

Daga Flåm na shiga jirgin ruwa mai aiki da lantarki, tafiyar awa biyu zuwa Gudvangen. Nan ne zuciyar tafiyar. Abin da suke kira fjord kwari ne mai zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da ta lulluɓe ƙasar. Da ta narke, teku ya malalo ya cike shi. A Nærøyfjord, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2005, akwai inda faɗin ruwan bai wuce mita 250 ba, duwatsu kuma sun miƙe hagu da dama har sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. Jirgin ba ya ƙara. Kana jin kukan tsuntsaye da zubar ƙananan ƙoramu daga can sama. Na hango gida ɗaya tilo maƙale a gefen dutse, da 'yar gonarsa, na yi ta tunanin yadda mutanensa ke kai marar lafiya asibiti cikin hunturu.

Mota ta kai mu Voss, jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu Bergen, muka tarar da yayyafi, wanda a garin nan ba baƙo ba ne.

Washegari na zagaya Bryggen, jerin gidajen katako masu launin ja da rawaya a bakin tashar jiragen ruwa. Fataken Jamus sun shafe ɗaruruwan shekaru a nan suna sayen busasshen kifi daga arewacin ƙasar. Da na ga kifin rataye a wani shago, ƙandararre kamar itace, nan take na gane shi: shi ne wanda ake sarawa a kasuwar Sabon Gari a Kano, domin Najeriya na cikin manyan masu sayensa.

Da yamma na hau taragon da igiya ke ja zuwa kan tsaunin Fløyen, mita 320 sama da gari. Ƙarfe goma na dare ta yi, gari tarwai kamar bayan La'asar, yara na wasa a kan ciyawa. Na zauna da alwalata ina jiran rana ta faɗi, ban yi Magariba ba sai bayan sha ɗaya.