Haruffa tara a ƙeyar jirgi

Douarnenez gari ne na masunta a bakin tekun Atlantika, can ƙuryar yammacin Faransa, a yankin Bretagne. Kifin sardin ne ya yi masa suna, kuma matan da ke aiki a gidajen kifin gwangwani na garin su ne suka yi shahararren yajin aikin 1924. A nan ne wani tsohon malamin lakwal, wanda ya daɗe da aje alli, ya share lokacin sanyi guda yana gyaran wani jirgin katako mai tsawon mita 8, irin wanda ake ɗaura wa zane iska ta tura shi. Ya canja ruɓaɓɓun katakai, ya toshe kafofi, ya shafe jikin da baƙin fenti. Saura suna.

Zaɓen sunan bai ba shi wahala ba. Matarsa ta rasu shekara guda kafin nan, kuma tun suna da ƙuruciya yake kiranta Steredenn, wato tauraruwa a harshen Breton. Abin da ya hana shi barci shi ne girman haruffan da wurin da za su zauna.

Wanda bai san tarihin matar ba zai ce dattijon ya rasa abin yi ne. Tana ƴar shekara shida aka kai ta lakwal ba ta jin Faransanci, kuma ba ta cika mako ba aka rataya mata takalmin katako a wuya saboda ta yi magana da harshen gidansu. Ba za ta rabu da shi ba sai ta kama wani yaron da irin laifinta. Dattawan malaman Nijar ba su buƙatar bayani a kan wannan, don sambol ɗin da ya yi yawo a wuyan yaran Maraɗi da Damagaram ɗan'uwan wancan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dokar da ta buɗe wa Breton ƙofar makaranta ta zo a 1951, makarantun Diwan masu koyarwa da harshen kuwa sai a 1977. Shi mijin bai taɓa rataya wa kowa komi ba, amma fiye da shekara 30 ya yi yana koyarwa bai rubuta kalma ɗaya ta Breton a babban allo ba. Wannan bashin ne yake son biya, kuma da farko ya zaci da santimita ake biyansa.

Sai ya yanke shawara a kan santimita 20, haruffa tara su cika ƙeyar jirgin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya yanko su a farar takarda, ya liƙa, ya ja da baya. Nan ya ga abin da ya kamata ya gani tun farko. A irin waɗannan jirage, faffaɗan katakon da ake juya akalar jirgi da shi a waje yake rataye, daidai tsakiyar ƙeya, don haka ya raba sunan gida biyu: STERE a hagu, DENN a dama. Tara kuwa ba ta rabuwa daidai. Kafintan da ke taya shi aiki ya karanta da ƙarfi, ya numfasa a tsakani kamar ɗan ajin farko mai haɗa baƙi. Bai ce komi ba bayan haka. Dattijon ya ɓare takardun.

Washegari ya koma ɗaya ƙarshen. Doka ba ta nemi abu mai yawa ba: tsarin da Faransa ta kafa a 2009 ya ce jirgin iska mai mita 7 zuwa 12 ya ɗauki sunansa a ƙeya, tare da suna ko haruffan tashar da aka yi masa rajista, kuma tsayin harafi kar ya gaza santimita 4. Haruffan Douarnenez su ne DZ. Sai ya ce to, santimita 4 ɗin ta isa, a lungu, inda ba mai kula. Kunya ce ta kama shi. Bature ma yana da tasa, ko da ba ta kai ta Bahaushiyar da ba ta faɗar sunan mijinta ba. Sunan da a ɗaki kaɗai ake faɗa, yanzu kowane baƙo mai yawon shan iska a bakin tasha zai karanta shi, wataƙila ma ya ɗauki hoto.

Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko muni, domin suna a jikin jirgi ba na mai jirgi ba ne. Na jami'in tasha ne, na masuncin da ya hango jirgi yana yawo ba kowa ciki, na masu ceto da ke nema cikin hazo. Yarjejeniyar kamun kifi ta tekun Arewa, wadda aka sa wa hannu a 1882, ta riga ta fahimci haka: ta ce a rubuta sunan jirgi da tasharsa a ƙeya da farin fenti a kan baƙi, harafi kar ya gaza santimita 8. Masu rubutun alluna suna da nasu lissafi, cewa harafi mai santimita 10 yana karantuwa ba wahala daga mita 12, da ƙyar kuma daga wajen mita 30. A teku sai a rage, don jirgi ba ya tsayawa cik, hasken ruwa kuma yana kashe ido.

Ya gwada goshin jirgin, amma katakon can ya lanƙwashe, haruffan ƙarshe suna ɓuya. Doka ma ƙeya ta ce.

Jikanyarsa ce ta warware matsalar. Ƴar shekara tara ce, a Diwan take karatu. Tana wasa da takardun sai ta ƙirga haruffan sunan garin, ta sami goma.

"Tad-kozh," in ji ta, haka suke kiran kaka namiji, "ka sa kaka a wannan gefe, garin a wancan. Ba sai ka yanka ta ba."

Ya auna. Kowane ɓangare na ƙeyar yana da fili kamar santimita 80. Idan aka rubuta DOUARNENEZ cikakke maimakon DZ, haruffa goma masu tsayin santimita 8 za su shiga dama, tara su shiga hagu, a ɗan buɗa tsakaninsu. Ya ɗaga layin sama sosai, kusa da baki, saboda idan iska ta kwantar da jirgi gefe guda ƙasan ƙeyar nutsewa yake yi.

Da aka sauke jirgin a ruwa, haruffan takarda na liƙe, ya sa yarinyar a ƙaramin kwalekwale tare da kafintan, ya ce su yi ta nisa. Abin da ya saba yi ke nan kowace shekara ranar buɗe lakwal: ya rubuta layi guda, ya taka har bencin ƙarshe, ya zauna a mazaunin yaron da ya fi kowa nisa, ya duba. Daga mita 10 ta karanta tana dariya. Daga 20 ta karanta. Da suka wuce haka sai ta ce R ɗin da E sun fara haɗewa, don haka da suka dawo ya ƙara rabin santimita tsakaninsu.

Kafintan ya ba shi shawarar haruffan roba da inji ke yankawa, a liƙa cikin rabin awa. Ya ƙi. Ya jira ruwa ya janye jirgin ya zauna a kan yashi, ya zana layi biyu da alli, ya ɗauko farin fenti da siririn buroshi. Hannunsa yana rawa yanzu, shi ya sa N ta biyu ta ɗan fi ta farko kauri. Kwana biyu ya yi a kan gefen hagu. Sunan garin kuwa, kafin azahar ya gama shi.