Mako Takwas Ina Farautar Hoto a Hunturun Wasagu

Duk wanda ya rubuta sunan Wasagu a intanet, abin da zai fara cin karo da shi labarin hari ne, da adadin mutanen da aka sace, da shanun da aka kora. Sau da yawa hoton da ake liƙa wa labarin ba ma na garinmu ba ne, wani tsohon hoton mutane ne riƙe da bindigogi da ake ta maimaitawa. Ba na cewa labaran ƙarya ne, mu da muke nan mun fi kowa sanin abin da ke faruwa. Sai dai garin da ake ba da labarinsa haka, a cikinsa ake suyar ƙosai kowace safiya, ake kai amarya, ake buga ƙwallo har a yi rigima a kan fanareti. Wannan ɓangaren ba mai ɗaukar hotonsa.

Ga ɗalibai 'yan'uwana na Kano ko Katsina da ba su san wurin ba, Wasagu tana Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a Jihar Kebbi, wadda hedikwatarta ke Ribah, kuma muna iyaka da Jihar Zamfara. Tana ɗaya daga cikin ƙasashe biyar na Masarautar Zuru, tare da Dabai da Danko da Fakai da Sakaba. Masu kyamara daga nesa idan sun shigo ƙasar Zuru, galibi bikin Uhola ne ke kawo su, su ɗauki rawa da kokawa su koma.

Malaminmu na Jogirafi ne ya kawo shawarar gasar, ana saura 'yan kwanaki a ba da hutun zangon farko. Ya buɗe zaure a WhatsApp, muka shiga mu 14. Tsarin ba shi da wuya. Kowace Juma'a da yamma zai turo kalma ɗaya tak. Kafin Alhamis mai zuwa, kowa ya turo hoto ɗaya da ya dace da kalmar, wanda ya ɗauka da hannunsa a cikin makon, ba tare da an yi masa kwalliya da wata manhaja ba. Daga nan a kaɗa ƙuri'a, kuma ba a zaɓen kai. Wanda ya ci, katin waya na Naira 500 ne ladansa. Yawancinmu ba mu da waya. Ni Tecno ɗin Yayana nake ara bayan La'asar, da sharaɗin in wanke masa babur duk ranar Asabar da safe. Wanda ya taɓa sa hannu a ruwan da ya kwana a randa cikin watan Disamba ya san ba kyauta na samu wayar ba.

Kalmar farko ita ce "Hazo". Kowa ya ce wannan ai banza ta faɗi, tunda hazo ya rufe gari. Da Alhamis ta zo, yawancin hotunan da aka turo fari ne fat, kamar an ɗauki bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Ashe hazo ba ya fitowa a hoto shi kaɗai, sai da abin da zai lulluɓe. Yarinyar da ta ci makon ta tsaya ne inda itatuwan ɗorawa uku suka jeru: na kusa ya fito baƙi ƙirin, na biyu ya yi toka-toka, na uku kuwa da ƙyar ake ganin alamarsa. Da ka kalli hoton sai ka ji kamar ƙura ta shiga maka hanci.

A wannan makon Malam ya gaya mana daga inda ƙurar take zuwa. Kaso mai yawa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta ta biyo ta kanmu, wata ma takan ƙetare Tekun Atalantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka. Wato ƙurar da Inna ke sharewa a kan tabarma sau uku a rana ta yi tafiyar da babu wanda ya taɓa yi a gidanmu. Ga mai ɗaukar hoto, hazo yana da rana da kuma illa. Yana tace hasken rana kamar an shimfiɗa farin mayafi a sama, shi ya sa fuskar mutum ke fitowa sumul, babu baƙar inuwa a ƙarƙashin ido, babu yamutsa fuska. Amma yana kashe launi, komai ya koma ruwan ƙasa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a littafin kowace waya ba. Da hunturu hannun kowa shafe yake da basilin ko man kaɗe, kuma da wannan hannun ake riƙe waya. Maiƙo kaɗan a kan idon kyamara ya isa ya sa hoto ya yi dishi-dishi, mutum ya yi ta zargin wayarsa. Maganin shi ne a fara hure ƙurar da baki, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Idan aka goge ba a hure ba, ƙurar nan yashi ce, karce gilashin za ta yi.

Mako na biyu "Wuta". Wannan ya tilasta mana tashi da Asuba, lokacin da dattawa ke zagaye da wutar kara suna jin ɗumi, mai ƙosai kuma ta ɗora kasko. Mun koyi kashe filasha, domin ita ke cinye jan hasken da ake nema. Sai ka danna fuskar mutum a kan allon waya, ka ja hasken ƙasa kaɗan da yatsa, ka jingina gwiwar hannunka da bango, ka riƙe numfashi. Da sanyin nan hannu na rawa, cikin hotuna goma da ƙyar ake samun ɗaya.

Makon da ya fi zama mini a rai shi ne na "Hannu". Lokacin ana tsakiyar sussukar dawa, na tarar da kakata a bayan gida tana shiƙa. Na ce, "Kaka, ki bari in ɗauki hoton hannunki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai maigida, duk 'yan matan garin nan da suka sha lalle ba ka gani ba, sai hannun tsohuwa mai kaushi da faso? To, fuskata dai ba za ta shiga wayar nan ba."

"Na yarda, hannu kawai."

"Sai ka matsa can, kada ƙaiƙayi ya cika maka ido ka ce ni na jawo."

Na zauna kusan awa guda ina jiran rana ta yi ƙasa. Aiki ne da ake yi a gidanmu kowace shekara, amma a ranar na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ba ta fara zubawa sai ta ɗebi ɗan ƙaiƙayi ta saki, ta ga inda iska ta nufa, ta gyara tsayuwa. Sannan ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ta karkata ta a hankali. Tsabar dawa mai nauyi ta sauka a ɗaya ƙwaryar, ƙaiƙayi ya bi iska. Idan iskar ta lafa sai ta dakata, ba ta gaggawa. Iskar hunturun da muke ta kuka da ita, ita ce abokiyar aikinta. Na koma inda rana take bayanta, sai ƙaiƙayin ya kama haske kamar tartsatsin wuta, hannayenta biyu suka fito baƙi a tsakiya, har ana ganin jijiyoyinsu. Da na nuna mata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce hannun mahaifiyarta ne sak. Mahaifiyar tata ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ban ci makon ba, na zo na biyu. Wani hoton hannun maƙeri ne ya ci, kuma ya cancanta.

Tun ranar farko Malam ya kafa dokokin da ya ce duk wanda ya karya ya fita daga gasar. Ba a ɗaukar fuskar mutum sai da izininsa, yaro kuma sai da izinin iyayensa. Ba a ɗaukar jami'an tsaro, ko shingensu, ko hanyoyin shiga gari, ko garken shanun wani. Sannan a shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri, domin waya tana iya ajiye ainihin inda aka tsaya aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, wanda ya iya kuma zai karanta. Hikimar dokokin ta fito fili a makon "Kasuwa". Ina tsugune ina ɗaukar tulin rake, sai wani dattijo daga cikin 'yan sa-kai ya dafa kafaɗata.

"Yaro, hoton me kake ɗauka? Wa za ka tura wa?"

"Baba, rake ne. Aikin makaranta ne, ga shi ku duba."

Ya karɓi wayar ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sunan mahaifina, sannan ya miƙo mini. Wasu a zauren sun ce an takura mini. Ni ban ga haka ba. A garin da ake fargabar masu kai wa ɓarayin daji labari, duk wanda ya ɗaga waya a kasuwa dole a tambaye shi, kuma gara a tambaya da baki. Daga ranar na koma gaishe da mutane da faɗin abin da ya kawo ni tun kafin in ciro wayar daga aljihu. Abin mamaki, waɗanda suke cewa a'a ba su da yawa. Mai raken ma gyara hularsa ya yi ya ce a haɗa da shi.

Ba mu ne muka fara irin wannan tunani ba. A shekarar 2015, wata 'yar Maiduguri mai suna Fati Abubakar, wadda aikin jinya ta karanta, ta buɗe shafi a Instagram da sunan Bits of Borno. Lokacin duniya ba ta san Borno da komai ba sai Boko Haram. Ta shiga gari tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, har manyan jaridun duniya suka riƙa buga aikinta. Kafin ita akwai J.D. Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya duƙufa kan abu ɗaya, wato kitson matan Najeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000. Wasu kitson da ya ɗauka yanzu sai a hotunansa ake ganinsu.

Zuwa mako na biyar mun ragu zuwa mu 9. Wani an karɓe wayar da yake ara, wani kuɗin data ya gagare shi, wani kuma ya gaji. Sabis ma ba kullum ba, wani lokaci sai ka hau tudu kafin hoto ya tafi, caji kuwa sai an kai shagon mai janareta. Makon "Ja" ya zo da sauƙi: barkono a shanye, zoɓo a faifai, da furen gurjiya da ke fitowa jajir lokacin da itacen ya zubar da ganyensa kaf. Wani abin lura, a makonni takwas 'yan mata ne suka ci biyar. Mu maza muna ta yawon bayan gari muna neman abin burgewa, su kuwa suna cikin gida, inda ake daka da tankaɗe da wankan jariri, wuraren da ko an ba mu kyamarar miliyan ba za a bar mu mu shiga ba.

Gardama mafi zafi a makon "Rumbu" aka yi ta. Kusan kowa ya turo rumbu cike da damman dawa ko gero. Wani abokinmu kuwa ya turo rumbun gidansu, an sauke jinkarsa, ya leƙa ta sama ya ɗauki cikinsa. Babu komai sai 'yan damma uku a ƙasa, da hasken rana da ya faɗa a kansu. Gonarsu tana nesa da gari, bana ba su samu zuwa sun nome ta ba. Nan take zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce an shirya gasar ne don a nuna kyawun Wasagu, wannan kuwa tonon asiri ne. Wasu suka ce idan rumbun da ya cika kawai za mu nuna, to mun zama daidai da masu nuna bindiga kawai, kowa ya ɓoye rabi. Malam bai goyi bayan kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi wa mai hoton: mahaifinka ya san ka ɗauka? Ya ce shi ne ma ya riƙe masa tsani. Aka kaɗa ƙuri'a, hoton ya ci da rinjayen ƙuri'a ɗaya. Tawa tana ciki. A ganina hoton nan ya faɗi halin da muke ciki fiye da duk wani hoton motar sojoji, kuma ɗan gidan ne ya faɗa, da yardar mai gidan.

Da aka kammala mako na takwas, muka yi karo-karo aka kai hotuna 20 Zuru aka wanko su. Muka liƙa su a kan kwali a bangon ajinmu, kowanne da kalmarsa da kwanan wata a ƙasa. 'Yan ƙananan azuzuwa suna ta zuwa kallo lokacin tara, suna gardama a kan ko hannun wane ne, ko ɗorawar ina ce. Uku daga cikinsu sun riga sun nemi a sa su a zauren. Yanzu hazo ya fara janyewa, mangwaro ya yi fure, kuma mun roƙi Malam kada a rufe gasar. Ya ce ya yarda, amma daga yanzu mu za mu riƙa zaɓen kalmar bi da bi. Juma'a mai zuwa ni ke da zaɓi, kuma "Rijiya" na tanada.