Dara, Sija, Ko Wasan Labari: Wanne Za A Fara Koya Wa Yara?

Bayan ɓarkewar yaƙi a Sudan cikin Afrilun 2023, makarantu sun daɗe a rufe, masu gudun hijira suka cika jihar Gadarif, mu ma a Ƙala'at an-Nahal muka ga yadda zaman banza yake cin yara. Shi ya sa nake so mu duba wasannin zaune waɗanda ba su cin ko sisi.

Dara gadonmu ce. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan karare. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa ɗaya. Sija kuwa, wadda muka tarar wurin maƙwabtanmu, gurbi 25 ce, a bar na tsakiya fanko, kuma ci shi ne ka ritsa ɗan abokinka tsakanin naka biyu. A ganina sija ta fi saurin shiga kan sabon shiga, dara tana son haƙuri. Aibinsu ɗaya: mutum biyu suke ɗauka, sauran yara sai kallo da gardama.

Na ukun shi ya fi jan hankalina. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zama wani a cikinsa, yana faɗin abin da zai aikata. Littattafansa suna da tsada, ko da yake wani mai bin tsohon salonsa, Basic Fantasy, kyauta ne a intanet, amma da Turanci. Duka biyun cike suke da bokaye, kuma da ƙwaya irin ta ludo ake yanke hukunci, alhali Imam Malik ya ware babi a Muwaɗɗa kan hana wasan nardu.

Sai na zubar da ƙwayar da bokayen, na riƙe dabarar. Da ƙannena da 'ya'yan baƙinmu muke haɗa ayarin alhazai daga Kano zuwa gabas a ƙafa, hanyar da mutanen Maiwurno suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan madugu, wancan jagaba, waccan mai riƙe guzuri. In ce musu: "Rijiya ta ƙafe, jaki ya gurgunce, yaya za ku yi?" Su yi shawara, ni in yanke abin da ya biyo baya gwargwadon hankalin da suka nuna. Yara takwas suna zama a tabarma ɗaya, har 'yar shekara shida tana da bakin magana. Sharaɗin dai a samu babba mai iya ba da labari, kuma a tashi da an kira salla, ko ayari yana tsakiyar daji.