Igiya biyar ta matuƙi, a birnin Tulus

Mutanen Tulus, a kudancin Faransa, sun ɗauki jirgin sama sana'ar gado. Daga nan jirgin Concorde ya fara tashi a 1969, Airbus A300 kuma a 1972. A gefen filin jirginsu na Blagnac suka gina gidan tarihi mai suna Aeroscopia, aka buɗe shi a 2015. Ba su ɓoye komai ba. Sun kware cikin wani A300 da suka ajiye a can, sun sa gilashi a dabensa, ka taka kana kallon wayoyi da rumbun kaya a ƙarƙashinka. Na ga iyaye suna ɗaga yara su leƙa, suna yi musu bayani a tsanake. Wannan hali nasu ya burge ni ƙwarai.

Ni dai ƙofar ɗakin matuƙa ce ta tsayar da ni. Mu fasinjoji bel ɗaya muka sani, wanda ake ɗaurawa a ƙugu. Na matuƙin babban jirgi igiya biyar ne: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya ta biyo tsakanin cinyoyi, duk su haɗu a maɓalli guda a kan ciki, murɗawa ɗaya ta sake su. Na kafaɗa suna barin mutum ya miƙa hannu sannu a hankali, amma in an fizga da ƙarfi sai su cije. Ta tsakanin cinyoyi tana hana shi zamewa ta ƙasa. Dalili a fili yake: fasinja zama kawai ake so ya yi, matuƙi kuwa dole hannunsa ya ci gaba da aiki ko jirgi na jijjiga kamar rariya.

An ga amfanin bel ɗin matuƙa a watan Mayun 2018, lokacin da gilashin gaban wani A319 na Sichuan Airlines ya fashe a sama. Iska ta ja mataimakin matuƙi har rabin jikinsa ya fita waje, bel ya riƙe shi, Kyaftin Liu Chuanjian ya sauke jirgin lafiya a Chengdu.

Kada fasinja ya ce an yi masa ƙwauro. Gargadar iska sama take cilla mutum, bel ɗin ƙugu kuma maganinta ke nan. Igiyar kafaɗa tana bukatar kujera mai ƙarfin baya, ga ƙarin nauyi a ɗaruruwan kujeru. Sannan ƙa'ida ce a nuna cewa za a iya kwashe kowa daga jirgi cikin daƙiƙa 90, ta rabin ƙofofinsa, don haka aka zaɓi maɓallin da tsohuwa da yaro za su ɓalle da ɗagawa ɗaya. Ma'aikatan da ke raba abinci su ma na kafaɗa suke ɗaurawa a kujerunsu na bakin ƙofa, domin su ne za su buɗe ta.