Ranar da muka huda salansa

Admin ya ce rubutun wannan mako namu ne, mu 'yan rumfar gyaran babur. Da muka zauna shawarar abin da za mu kawo, sai muka ga babu tambayar da samari ke yawan turo mana kamar wannan: wane salansa zan ɗaura, in cire soson iska ko in bar shi, wa zai saita mini kabureta babur ya riƙa tashi kamar iska? Za mu amsa. Amma sai mun fara ba ku labarin abin kunyar da muka yi, don a can muka samo amsar.

Mu biyar ne a rumfar, uku 'yan Batsari, biyu daga wajen Runka ta ƙasar Safana. Biyu ne kawai cikinmu ke riƙe sifana, sauran kabu-kabu suke yi da dakon rogo ranar kasuwa. Baburanmu irin na kowa ne, Boxer uku, Jincheng tsoho guda ɗaya, sai wata roba-roba da muke aike da ita. In rana ta yi sanyi aiki ya lafa, mukan haɗa kai kan waya ɗaya muna kallon bidiyon Turawan Amurka da manyan baburansu na Harley-Davidson, irin waɗanda mutum ke zama a kai kamar yana kan kujerar falo, ƙafa a miƙe. Abin da suke yi kusan ɗaya ne kullum. Su kwance salansan kamfani su ɗaura mai faɗin baki, su sauya matatar iska da wadda ta fi buɗewa, sannan su jona kwamfuta su sake wa injin lissafin mai. In an tayar, ƙarar har cikin ƙirji kake jin ta ko ta lasifikar waya.

Abu uku suke yi, mu na farko kawai muka riƙe, shi ne ƙara. Ba mu tsaya mun lura cewa injin da suke wasa da shi ya haura cc 1,700 ba, namu kuwa 100 ne, mai 150 shi ne attajirinmu. Ba mu kuma san cewa su ma can abin bai tafi a banza ba, don a 2016 gwamnatin Amurka ta ci kamfanin Harley tarar dala miliyan 12 saboda na'urorin sauya saitin inji da ya sayar wa mutane, waɗanda ke ƙara hayaƙi. Wannan daga baya muka karanta.

A daminar 2024 aka sa bikin ƙanin ɗaya daga cikinmu a wani ƙauye da ke yamma da hanyar Runka. Ba za mu faɗi sunan garin ba, mutanensa sun san kansu, kuma sun yafe mana. Muka ce sai an san abokan yayan ango sun zo. Kwana biyu kafin bikin muka kai salansa huɗu wajen mai walda, ya yanke gindinsu, ya zare bututun ciki da farantan da ke shanye ƙara, ya mayar ya liƙe. Biyu daga cikinmu suka ƙara da cire soson iska gaba ɗaya, wai inji ya sha iska. Maigidanmu da ya koya mana aiki ya leƙo ya ga abin, ya ce, “Yara, wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce.” Muka yi dariya muka ce Baba ya tsufa.

Niyyarmu mu isa da la'asar. Faci ya tsayar da mu a hanya, sannan ruwa ya ɗan sauko, sai gab da magariba muka doshi garin, babur huɗu a jere, kowa ya murɗa totur ya ƙure. Gero ya yi tsawon da ya rufe mutum, ba mai ganin mu, jin mu kawai ake yi.

Da muka shiga, babu kowa. Tabarmi a shimfiɗe ƙofar gidan biki, takalma a warwatse, tukunyar tuwo na tafasa a kan murhu ba mai tuƙawa. Muka kashe injin, sai muka ji kukan yara daga cikin gonaki. Can wata murya daga bayan rumbu ta ce kowa ya ɗaga hannunsa. 'Yan sa-kai ne, bakin bindigoginsu a kanmu. Abin da ya cece mu, yayan angon ya kira sunan ɗaya daga cikinsu, wanda suka yi makarantar allo tare, shi kuma ya gane muryar. Wallahi har yau in mun tuna tsakanin kiran nan da amsawar, jikinmu sanyi yake yi.

Sai bayan isha mutane suka gama dawowa. Wata tsohuwa ta faɗi wajen tsallake shinge ta gurɗe a ƙafa. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ba a gan ta ba sai da aka bi gona da tocila. Kawun ango ya tara mu a zaure, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. Ya ce, “'Ya'yana, ku 'yan birni ne da ba ku san me kunnenmu ya zama ba? Mu nan tun babur na bayan dutse muke ƙirga su. Ɗaya, baƙo ne. Biyu, 'yan kasuwa ne. In sun wuce uku da yamma kuma suna gudu, ba ma tsayawa tambaya.” Ba mu da bakin magana. Mu ba 'yan birni ba ne, kuma kowane ɗayanmu ya taɓa kwana a gona saboda irin wannan ƙarar. Son burgewa ne ya mantar da mu abin da muka sani.

Duk wanda ya zauna a bakin dajin Rugu shekarun nan ya san babur ya daina zama abin hawa kawai. A kansa ake shigowa gari a kashe, a kore shanu, a ɗauki mutane. Har wani ƙirar Honda aka laƙaba wa suna Boko Haram saboda masu hawansa. Shi ya sa dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta faɗa kan babur da nauyi: aka hana goyon mutum uku, aka hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, aka hana zuba fetur a jarka, aka taƙaita gidajen man da za su sayar a ƙananan hukumomi irin namu. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A watannin nan da babu waya, kunne ne ya zama wayar mutane. To mu wannan kunnen muka je muka yi wa wasa.

Wannan ɓangaren mutane ke nan. Injin ma bai ƙyale mu ba.

Ba a yi sati uku ba Boxer ɗaya ta fara tari, tana harbi ta salansa in an saki totur, da safe sai an yi ta buga kik kafin ta tashi. Da muka kwance filogi, kansa fari fat kamar an shafa alli. Muka sauke kan injin, bawul ɗin da hayaƙi ke fita ya ƙone gefe ɗaya. Baba bai ce “ai na faɗa muku” ba, ya dai ɗauki bawul ɗin ya ajiye a kan benci inda kowa zai gani, ya bar shi nan wata guda.

Ga abin da ya faru, kuma nan ne muke so samari su nutsu. Inji ba fetur zalla yake ci ba, gauraye yake ci, iska kashi goma sha huɗu da ɗoriya, mai kashi ɗaya, in da nauyi aka auna. Kamfani ya zaɓi girman ƙofar jet ɗin da ke cikin kabureta ne daidai da soson da ya sa da salansan da ya ɗaura. Ukun nan kamar duwatsun murhu suke, in ka taɓa ɗaya tukunya ta karkace. Ka buɗe gaba, ka buɗe baya, iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba. Wutar da ke ci a cikin silinda sai ta yi zafi fiye da ƙima, injin namu kuma ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar hanya ce. Ka haɗa da buhu biyu na rogo da yashi da zafin rana, bawul ko kan fistin ne zai biya. Turawan can da muke kallo, kashi na ukun da muka tsallake, wato ƙara wa injin mai daidai da iskar da ta ƙaru, shi ne ainihin aikin.

Ƙarfin da muke tsammani kuwa babu shi. A ƙaramin inji irin namu, tsawon bututun salansa da faɗinsa an auna su ne don hayaƙi ya fita da gudu ya taimaka wajen jawo sabon gauraye, musamman a ƙaramin totur, inda muke yin kusan duk aikinmu. Da muka huda, babur ya rage ja a yashi da hawa, sai mun ƙara murɗawa. Kunne ne ke ruɗin mutum, ya ji ruri ya ɗauka gudu ne. Mun gwada a miƙaƙƙiyar kwalta, mai hudajjen salansa da wanda ba a taɓa ba, tare suka isa.

Cire soso shi ne mafi muni, kuma a ƙasarmu hauka ne tsantsa. Mai Harley a kan kwalta yake yawo. Mu hanyarmu jar ƙasa ce da rairayi, ga ƙurar hunturu wata uku. Duk ƙwayar da ta wuce kabureta sai ta goge ringi da bangon silinda kamar an sa takardar yashi. Babur na biyu da aka cire wa soso, kafin kaka ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Kuɗin fistin da ringi da aikin bulo ya cinye abin da mai shi ya tara na taki.

Akwai kuma ɓarna ta ɗaya gefen, wadda ta fi yawa yanzu, kuma ba ma zargin masu yin ta. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, ɗan kabu-kabu zai shigo rumfa ya ce, “Oga, ɗaure mini mai.” Wato a sauke allurar kabureta ko a sa ƙaramin jet don lita ta daɗe. Mun san halin da ake ciki, mu ma da kwalba muke saya wajen 'yan bumburutu wata rana. Amma ɗaure mai ya wuce ƙima da huda salansa ciwo ɗaya suke kawowa, zafi. Abin da ka rage a gidan mai za ka kai wa mai sayar da kayan gyara har da riba. Shi kuwa ɗan sukurun da ke gefen kabureta da kowa ke son juyawa, yawanci aikinsa a silo ne da farkon totur, ba shi ke ba da gudu ba.

Ba mu ce neman ƙarfin babur laifi ba ne. A nan babur ne motar asibitinmu. Mun ɗauki mai naƙuda a tsakiyar mutum biyu zuwa asibitin Batsari, mun tsere a kansa da dare fitila a kashe. Wanda ya ce yana son babur ɗinsa ya amsa in ya murɗa, yana da hujja. Sai dai abin da ke ba da wannan ba ya ƙara, shi ya sa samari ba sa son jin sa. A wanke soso da kananzir, a matse, a bari ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ba a jiƙa shi sharkaf ba. Lokacin ƙura duk sati. A saita tazarar bawul inji na sanyi. A juye baƙin mai kan lokaci, kuma a guji na gwangwani da ba a san asalinsa ba. Sarƙa kada ta yi sako-sako, kada ta ɗaure tamau. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance filogi a duba: fari, mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka, ya yi yawa, launin shayi da madara, a bar shi haka kada a taɓa.

In kuma kaya kake ɗauka a yashi, sauyi ɗaya ne muka yarda da shi, wato farantin haƙoran sarƙa na baya, a sa wanda ya fi na kamfani da haƙori biyu ko uku. Babur zai ja kaya ba tare da kana ƙona kuloci ba. Za ka rasa ɗan gudu a kwalta, inji kuma zai ɗan ƙara juyi a doguwar tafiya, don haka mai zirga-zirgar Batsari zuwa Katsina kullum gara ya bar nasa yadda yake. A nan ma ba mu gama yarda da juna ba. Ɗaya daga cikin 'yan Runkanmu cewa yake gudun da aka rasa ɗin nan wata rana shi ne tsakaninka da mai bin ka. Wanda ke dakon rogo kuma ya ce ai ba a kwalta ake kora ba, a yashi ne, kuma a yashi mai ja ne ke tsira. Har yanzu muna wannan gardamar in an kawo shayi.

Salansa huɗun nan mun sayi sababbi mun mayar, na ɗaya sai da aka ci bashi. Mun koma garin bayan sati biyu da rana tsaka, babur ɗaya, muka kai wa tsohuwar goro da sabulu da kuɗin mai ɗori. Ta ce, “Ku ne jiragen saman?” ta yi dariya, mu kuwa kanmu a ƙasa. Daga ranar muka yanke cewa a rumfarmu ba a huda salansa, ko nawa mutum zai biya. Makon jiya ma wani yaro ya zo da sabuwar Boxer ko leda ba a gama ɓare mata ba, yana nuna mana bidiyo a waya. Muka ba shi labarin nan tun daga faci har zuwa bayan rumbu. Ya saurara, ya yi godiya, ya tura babur ɗinsa. Da yamma muka ji shi ya wuce ta bakin tasha, wani ya yi masa aikin.