Abin da Zafin Injin Motata Ya Koya Mini

Mai tsohuwar mota yakan raba idonsa biyu in yana tuƙi, rabi a kan titi, rabi a kan allurar da ke nuna zafin inji. Na daɗe a cikin wannan hali, ban kuma taɓa gaya wa kowa irin nauyin da yake ɗora wa zuciya ba. Motata ƙirar Japan ce ta shekarar 2003. Ta shigo ƙasar nan a tokumbo, ta yi wa wani bawan Allah aiki, sannan ta faɗo hannuna da kuɗin adashi da ɗan rance. Da damina ba ta nuna komai ba, da hunturu ma haka. Bazara ce ta tona mata asiri, lokacin da zafin rana a Kano yake haura digiri 40.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Ka tsaya a gefen titi da bonet a ɗage, tururi na tashi, iyalinka na zaune a ciki suna fifita da mayafi, masu wucewa na yi maka sannu. A hankali na fara guje wa tafiya. Ɗaurin aure a Zariya, sai in ce aiki ya riƙe ni. Ta'aziyya a Gusau, sai in yi ta waya. Mahaifiyata ta taɓa tambayata ko lafiya na ɗauke ƙafa, na kasa buɗe baki in ce mata tsoron mota ne. Abin da na saya don in ƙara zumunci shi ne ya rage mini shi.

Na zaga gareji-gareji. Kusan kowa yana da amsa tun kafin ya ɗaga bonet. Wannan ya ce a saka lagireto mai layi biyu. Wancan ya ce a haɗa fanka kai tsaye, da an murza makulli ta kama juyi. Wani ya ce gasket ya ƙone, a sauke kan inji. Ba na zarginsu da ha'inci. Yawancinsu abin da suka ga iyayen gidansu suna yi suke yi, kuma wani lokaci ana dacewa. Sai dai kowace amsa kuɗi ce, kuma babu wadda ta fito daga binciken motata.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike. Bai ɗauki sifana ba, bai kira yaro ba. Ya ce, "Malam, yaushe take zafi?" Na ce, "Baba, ai kullum." Ya ce, "A'a, Malam. A cunkoso ne, ko in ka sake ta a babban titi? Da esi a kunne ko a kashe? Ruwanta yana raguwa ko yana nan?" Na yi shiru. Ya ce in je in lura da ita in dawo, bai karɓi ko sisi ba.

Daga baya na fahimci hikimar tambayoyin nan. Inji ba ya son sanyi kuma ba ya son zafin da ya wuce ƙima. An ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa ɗan sama da 100. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zaga jikin inji ya ɗebo zafi, ya kai lagireto, iska ta ɗauke. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. In ta tsaya, fanka ce kaɗai ke jawo iska. Saboda haka motar da ke zafi a cunkoson Kantin Kwari amma ta huce da zarar ta hau titin Zariya, fankarta ake fara tuhuma: fis, ko rile, ko waya, ko na'urar da ke umartarta ta tashi, ko ita fankar kanta ta gaji. Wadda kuwa take lafiya lau a cikin gari sai an ɗauki hanya ko an fara hawan tudu ta yi zafi, ruwa ne ba ya zagawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe ko famfo ya cinye. In ruwa yana raguwa, akwai inda yake fita, kuma akwai famfon gwaji da ake matsa iska da shi a ga wurin yoyon tun inji yana sanyi.

Da na koma da amsa, sai ga shi matsalata ba ɗaya ba ce. Rile na fanka ya mutu, abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Lagireto kuwa, da aka kwance tiyon ƙasa, wani jan ruwa mai kauri ne ya zubo. A waje kuma ƙurar hunturu da busassun ƙwari sun cike tsakaninsa da kwandensa na esi da ke gabansa, iska ba ta da hanya.

Jan ruwan nan shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin kusan dukkanmu haka muke yi wa motocinmu. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ledar fiya wata, duk abin da ya samu sai a tuttula. Wanda ya taɓa leƙa cikin butar da ake dafa ruwan rijiya a ciki ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Shi ne yake taruwa a cikin siraran bututun lagireto, ga kuma tsatsa tana cin ƙarfe tana cin fuka-fukan famfo. Ruwan kulan da ake sayarwa, mai sinadarin etilin gilaikol, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. A cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma in an haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Launi kaɗai ba shaida ba ne, a sayi na kirki a wurin wanda aka yarda da shi. Kuma a ɓoye shi daga yara da dabbobi, kada a zuba shi a robar lemo, domin yana da ɗan zaƙi a baki alhali guba ne mai lalata ƙoda.

Sai murfin lagireto, wanda ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Baba ya juya shi ya nuna mini robar ta tsattsage. A jikin murfin akwai lamba, 0.9 ko 1.1, ma'aunin matsin da yake riƙewa ke nan. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos kuwa da take kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 yana tafasa a kusan 96. Amma in murfi ya riƙe matsi, ruwan ba zai tafasa ba sai ya kai wajen 120. Murfin da ya saki, mota za ta dinga tafasa ruwa tana zubarwa ko da komai nata lafiya, musamman a wuri irin Hawan Kibo inda inji ke nishi da kaya.

Da aka buɗe gidan tamostat, wayam. Wani ya riga ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna. A nan ina da magana da 'yan'uwana masu mota da kanikawa. An saba cewa wannan abu na Turawa ne, don sanyinsu aka saka, a ƙasarmu cire shi ake yi. Ban yarda ba. Irin motocin nan suna yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu a ciki, kuma zafin can bai gaza namu ba. Aikinsa shi ne ya tare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 82 zuwa 88. In babu shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa yake da man zubarwa? Ƙari a kan haka, a injuna da yawa tamostat in ya buɗe yana rufe wata 'yar gajeriyar hanya, ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In an cire shi, wani ruwan sai ya dinga zagawa cikin inji bai je ya huce ba. Gaskiya ne yana iya maƙalewa a rufe ya jawo zafi. Maganin wannan a saka sabo. Baba ma a gabana ya jefa sabon a cikin ruwan zafi, muka ga ya buɗe baki, sannan ya ɗaura. Bayan an zuba kulan ya bar motar tana aiki har iskar da ta maƙale a ciki ta fita, domin ita ma iskar tana hana ruwa zagawa.

Gasket ɗin da aka ce mini ya ƙone lafiyarsa ƙalau. Ƙonewarsa tana da alamu: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, kumfa tana ta tasowa a lagireto, baƙin mai ya koma fari-fari, ruwa yana ɓacewa ba a ga inda ya zuba ba. Babu ko ɗaya a tawa. Amma na san da ƙyar na sha, domin kan injin motocin nan da alminiyam aka yi shi, kuma zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. In ya kai ga haka, saka sabon gasket kawai ba ya magani sai an auna kan an daidaita shi, an ɗaure kusoshinsa bi da bi da ma'aunin ƙarfin da ya dace.

Akwai wani abu da nake so kowane direba ya sani, domin a nan ake asarar inji, a nan kuma ake ƙonewa. In allura ta doshi ja, zuciya takan ce saura kaɗan a isa gida, kada ka biye mata. Kashe esi, kunna hita har ƙarshe ko da za ka jiƙe da gumi, tana janye zafi daga inji, ka nemi wuri ka tsaya ka kashe mota. Kada ka taɓa murfin lagireto sai an yi aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, da ka sassauta zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu. Kada kuma ka sheƙa ruwan sanyi a injin da ke zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. In ma ka ga allura ta hau sannan ta faɗi da kanta farat ɗaya, kada ka yi murna. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare, na'urar auna zafin ba ta da abin da za ta auna.

Duk gyaran da aka yi mini bai kai kuɗin da aka yanka mini na sauke kan inji ba. Motar tana nan tana aiki, na kuma koma zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya da ƙafata.

Kai da kake shirin sayen tsohuwar mota, ka je da sassafe kafin a tayar da ita. Buɗe murfin lagireto ka ga launin abin da ke ciki, zaro sandar baƙin mai ka duba, tambayi ko tamostat yana nan, sannan ka bar ta a kunne a tsaye da esi har ka ji fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Kai kuma da kake da ita a hannu, ka yi wannan binciken tun watan Fabrairu, kafin bazara ta kankama.